Ba Kai Ka Yi Barci a Kan Dutse Ba

Zuwa ga abokina Danladi, Baban Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Rifkatu da dukan mutanen gida a Kaduna. Yaya idon? Na san Rifkatu ce za ta karanta maka wannan, to ta karanta a hankali, kada ta tsallake ko layi ɗaya don jin kunyata. Na kuma sa wasiƙar nan a fili inda kowa zai gani, domin maganar da ke ciki sunanka ta shafa, kuma a bainar jama'a aka ɓata shi.

Makon jiya na hau dutsenmu. Kada ka yi dariya, na hau, har ƙoli. Rifkatu da ta zo gaishe mu ita ta matsa sai na kai ta ta ga inda ubanta ya yi tsaron wuta. Inda da muke haurawa kafin kunun safe ya huce a gora, yanzu sai da na zauna sau biyar, gwiwoyina suna yi mini tsiya. Tsamiyar nan ta rabin hanya tana nan, ta ƙara ƙiba kamar mu.

Bukkar tsaron kuma katangarta na tsaye. Bunun ya daɗe da tafiya, awaki sun mayar da cikinta gidansu, amma duwatsun da kakanninmu suka jera ba laka ba siminti ko ɗaya bai zame ba. Kana tuna abin da tsofaffi suke faɗa mana, cewa tun mutanenmu suna zaune a bisa dutse aka gina ta don hangen mahara, da aka sami kwanciyar hankali aka sauko fili, sai aka mayar da ita wurin hangen gobara. Da kaka, dawar gari duka tana jibge dami dami a gonaki tana shan iska, wuta ɗaya ta masu farautar gafiya ta isa ta cinye wahalar shekara.

Kowane saurayi da ranarsa, daga fitowar rana har faɗuwarta, shi da ƙaho da gorar ruwa. Ka busa, na dutsen da ke fuskantarmu ya amsa, kafin ka mayar da numfashi maza da mata sun fito da ɗanyen ganye. Ban taɓa jin ni wani ne ba kamar ranakun nan. Ga hanyar Mahuta ta miƙe, ga duwatsun wajen Danko sun yi shuɗi, ga shanun Fulani kamar an watsa farin wake. Kai kuwa ba abin da kake kallo sai hanyar Mahuta, kuma duk mun san dalili.

Na nuna wa Rifkatu yadda ake aza tsakuwa. Duk wanda zai ƙone karan gonarsa, dole ya hau ko ya aiko da sassafe ya sanar, mai tsaro ya ɗora tsakuwa a kan katanga daidai saitin gonar. Hayaƙi ya tashi inda akwai tsakuwa, ka yi zamanka. Ya tashi inda babu, ka busa. Tsoho Gomo da ya koya mana aikin kullum cewa yake, “Ido na ruɗi, ɗiyana, ku dubi tsakuwa.”

Muna cikin haka sai ta yi dariya, ta tambaye ni ko a wannan lungun ne Babanta ya yi barcin da ake faɗa. Kai, Danladi! Ashe har 'ya'yanka da aka haifa a birni sun gaji sunan nan, Na-Barci, suna tsokanarka da shi kana taya su dariya.

Na faɗa mata a can, yanzu ina faɗa wa kowa. Ranar da dawar Baba Magaji ta ƙone, ranarka ce, amma ni ne a kan dutse. Ranar kasuwa ce, kana son ka je ka ga yarinyar da yau ta zama Maman Rifkatu, ka roƙe ni in riƙe maka ba tare da tsofaffi sun sani ba. Ka bar mini tsakuwa uku, kowace a wurinta. Da rana ta take kaɗaici ya dame ni, na zana gidajen dara a ƙasa, tsakuwata ba ta isa ba, na sauke naka ukun na cika. Da na gama cinye kaina sai na mayar da su, biyu daidai, ɗaya saitin gonar Baba Magaji, alhali wajen rafi ka aza ta.

Hayaƙi ya tashi a saitin gonar, na dubi tsakuwa kamar yadda aka koya mana, na gyara zama ina cin gyaɗa. Sai da ya yi baƙi ya fara gudu sannan na busa, a lokacin kuwa an makara.

Kai ka dawo da yamma da man shafawa a fuska, ka tarar ana nemanka. Musayar rana a ɓoye laifi ne da zai jawo wa gidaje biyu kunya, ya kuma iya ɓata maka neman aurenka, don haka ka sunkuyar da kai ka ce barci ya ɗauke ka. Aka yanke maka noman gonar Baba Magaji damina guda. Ni kuma na riƙa zuwa taya ka, gari yana yabona, ana cewa a yi aboki irin Bala. Wannan yabon ya fi komai ci mini rai. Sau ɗaya kawai ka tanka, muna noma a kan kunya ɗaya, ka ce, “In za ka yi dara, ka riƙa zuwa da tsakuwarka.” Daga nan ba ka sake tayar da zancen ba, ni ma na sami wurin ɓuya na yi shiru har furfura.

Ban ce rayuwa ta cuce ni ba. Na aurar da 'ya'ya, rumbuna bai taɓa yin fayau ba, ina zaune a Rikoto lafiya, da yamma in fito da kujera in kalli dutsen. Tsaron ma ya wuce da zamaninsa, yanzu mota ke kwashe dawa tun ranar yanka, wanda ya ga hayaƙi kuma waya zai ɗaga. Na gode wa Allah da na ga wancan na ga wannan. Abu ɗaya ne ya rage mini, shi ne sunanka.

Da muka sauko ban wuce gida ba, gidan marigayi Baba Magaji na nufa, na sami babban ɗansa da sauran dattawa a ƙofar gida, na zayyana musu komai. Suka yi dariya har da hawaye. Da suka natsu, ɗan ya ce to gonar tana nan inda take, kuma damina ta kusa. Wasa yake yi, amma ni na kai garmata maƙera. Ko kunya goma ce a yini zan yi ta, kowa ya gan ni.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na yi kewarka ƙwarai, kuma ban taɓa samun mutum irinka ba. Allah ya buɗe maka idanunka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuriyarka albarka. Allah ya sa jikokinka su kira ka da sunan da mahaifinka ya raɗa maka. Amin.

Ka gaishe mini da Maman Rifkatu, ka ce mata ita ma da hannunta a ciki.

Naka har kullum,
Bala