Baffana Ya Ce Bai San Mijina Ba

Inna Laraba, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Duk wanda zan kai wa kukana a danginmu a hannun wanda ya cuce ni yake ci, shi ya sa na kawo miki. Ki sakaya sunana, ki kira ni Maman Zubaida kawai.

Ni haifaffiyar cikin garin Daura ce. Mahaifina ya rasu ina 'yar firamare, ƙanensa ya ɗauke ni ya riƙe. Tsakani da Allah, Baffa bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba, har kayan ɗakina shi ya yi. Yana da gidan burodi babba, masu shayi da masu kanti har daga Sandamu da Dutsi suna zuwa sari a kan babura tun da sassafe. Mahaifiyata ma har yau daga nan ake kai mata cefane.

Mijina, Baban Zubaida, mutumin wani ƙauye ne a bayan Matamaye, can cikin Nijar. Ke ma kin san mu nan ba ma jin can a matsayin wata ƙasa daban, kakata ta wajen uwa ma daga can aka auro ta. Cin rani ya zo yana saurayi. Ya fara da wanke gwangwanayen burodi a wurin Baffa, ya koma kwaɓi, har ya zama shi ne mai gashi, wanda in ba ya nan ba a yarda kowa ya taɓa wuta. Baffa da kansa ya yaba da hankalinsa, ya kira ni ya tambaye ni ko ina sonsa, na rufe fuska na ce ina so. Shi ne waliyyina ranar ɗaurin aure. Yau shekara goma sha wani abu ke nan, 'ya'yanmu uku.

Maganar takardar zama a ƙasa kuwa, wadda ita ce tushen matsalar, ga yadda take. Tun farkon zuwansa Baffa ya kama hannunsa ya kai shi gaban mai unguwa da goro, aka yi fatiha, mai unguwa ya ce ya karɓi baƙo. A wurinmu shi ke nan, wanda mai unguwa ya sani ai gari ya san shi. Da aka fara yawan faɗa a rediyo cewa duk wanda ya ɗauki baƙon wata ƙasa aiki ba tare da takardar zama ba, shi mai wurin za a hukunta, hankalin maigidana ya tashi. Ya je ya durƙusa ya roƙi Baffa ya ba shi 'yan kwanaki ya je ya nemi takardunsa. Baffa ya yi dariya, ya ce to wa zai tsaya a kan wuta, ya ce muddin yana numfashi shi ne takardarsa a garin nan. Ba sau ɗaya aka yi haka ba. Ni ma da bakina na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baffa ba ya magana biyu.

A watan da ya wuce jami'an shige da fice suka zo gidan burodin da hantsi. Ban je wurin ba, Adama mai ƙosai da ke soya a bakin ƙofar ce ta zo min a guje ko mayafi ba ta yafa daidai ba, a gabanta aka yi komai. Ta ce mutanen ba su yi wa kowa tsawa ba, sun gaisa da Baffa cikin mutunci, suka ce kowane ma'aikaci ya nuna shaidarsa. Da aka zo kan maigidana, ya fito daga wajen wuta da fulawa har gwiwar hannu, kafin ya buɗe baki Baffa ya riga shi. Ya ce wannan ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan dako ne da ya biyo motar fulawa da safe yana sauke buhuna, shi ko sunansa bai sani ba.

Inna, ko sunansa bai sani ba! Mutumin da ya raɗa wa ɗanmu na biyu sunan Baffa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Jami'an suka juya wajen maigidana suka tambaye shi ko haka ne. Sai ya sunkuyar da kai. Suka tambaye shi ko yana da wani a garin nan da zai tsaya masa, mata ko dangi. Ya ƙara sunkuyar da kai. Kin san halin mutanenmu da surukai. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da Baffa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko abinci ba ya ci in yana wurin. To ta yaya zai ɗaga kai a gaban jama'a ya ce surukinsa ya yi ƙarya? Haka ya wanke hannunsa a randar bakin ƙofa ya bi su. Kafin la'asar an raka shi iyakar Kwangwalam, ko gida bai biyo ya ga yara ba.

Na jira Baffa ya zo ya ce min wani abu, ko da ƙarya ce ta lallashi. Har yau bai tako gidana ba. Sai dai ya aiko matarsa da buhun shinkafa, da saƙon cewa in yi haƙuri in kama bakina, in ƙura ta lafa za a san abin yi. Tana fita ta ƙara min da cewa in abin ya yi tsawo ai ni yarinya ce, alƙali yana raba auren da miji ya yi nisa. Buhun yana nan a zaure ban kwance shi ba. Cikin satin aka sa wani a kan wuta. Zubaida ta sayo burodin ta ce min Umma yanzu ƙasansa ƙonewa yake, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Wata maƙwabciyata ta ce in ɗauki limamin da ya ɗaura mana aure in je ofishin jami'an in faɗa musu mijina ne, uban 'ya'yana ne, ko Allah zai sa a buɗe masa hanyar dawowa. To amma in na faɗi haka na tona Baffa. Za a san ya yi ƙarya, tarar da ya guje wa za ta hau kansa, wataƙila ma a rufe gidan burodin, ga mutane da yawa suna ci a ciki har da uwata. Shi kuma maigidana in mun yi waya ba abin da yake maimaitawa sai kada in kunyata Baba, wato Baffa, wai zai san yadda zai lallaɓo ta daji a kan babur. Shi ma haushinsa nake ji, Allah ya sani. An ci amanarsa amma shi ne mai kare wanda ya ci.

Inna Laraba, in yi shiru in rasa mijina, ko in yi magana a ce na tozarta wanda ya riƙe ni? Ban iya barci, ban iya gaida Baffa, ban kuma iya tsine masa ba.

Maman Zubaida, Daura.

Amsar Inna Laraba

Maman Zubaida, sannu. Share hawayenki ki saurare ni, domin kukan ya isa haka, yanzu lokacin tashi ne.

An ci amanarki, kada kowa ya rage miki wannan. Mutumin da ya hana mijinki neman takarda don kada wuta ta mutu, ya ce shi ne takardarsa, shi ne kuma ya fara janye jiki ranar da aka nemi takardar. Dalilin da ya sa doka take kama mai wurin aiki ke nan. Shi ne mai iko, shi ke ba da izinin tafiya ko ya hana, shi ke cin moriyar gumin. Tarar tasa ce, sai ya ɗauke ta ya ɗora a kan wanda ya san ba zai iya ɗaga kai ya musa masa ba. Ya san kunyar surukinsa sarai, da ita ya yi amfani.

Amma ki sa wannan ma a ma'auni. Ban ga alamar Baffanki ya kwana da niyyar cutar da ku ba. Tsoro ne ya kama dattijo a gaban ma'aikatansa, ya ga abin da ya gina shekara da shekaru yana rawa, bakinsa ya riga tunaninsa. Rashin zuwansa gidanki ma ina zaton kunya ce, ba ƙiyayya ba. Riƙon da ya yi miki yana nan bai goge ba, sai dai riƙo ba ya ba mutum ikon raba ki da uban 'ya'yanki. Shi ma maigidanki yana da nasa kason. Kai baƙo gaban mai unguwa al'ada ce mai kyau, amma ba ta taɓa zama takardar hukuma ba, kuma magidanci mai 'ya'ya uku bai kamata ya bar zamansa a ƙasa ya rataya a kan alkawarin baki ba. Kunyar suruki ado ce, amma ba a wurin da za ta mayar da matarka kamar gwauruwa ba. Ki faɗa masa wannan cikin ladabi, ya ji daga bakinki.

Abu mafi gaggawa, ki hana shi biyo daji. In aka sake kama shi ta ɓarauniyar hanya, ƙofar da take a buɗe yanzu ma za ta iya rufewa. Ya zauna can ya nemi takardun ƙasarsa cikakku tunda dama ta samu. Ke kuma ki nemi lauya ko wani masanin harkar shige da fice ki faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye. Ni ba lauya ba ce, ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba, amma auren 'yar ƙasa da 'ya'ya uku ba ƙaramar hujja ba ce, shi zai faɗa miki nauyinta, ya kuma faɗa miki gaskiyar abin da zai hau kan Baffa. Sau da yawa abin da muke tsoro a zuci ya fi abin da ke rubuce girma, musamman ga wanda ya kai kansa.

Kada ki fara da ofis, ki fara da zauren Baffa. Ki roƙi limamin da ya ɗaura auren da mai unguwar da ya ci goron su raka ki, ki kuma sanar da mahaifiyarki tun kafin ki tafi, kada ta ji a bakin duniya. Ki durƙusa ki gaida shi kamar yadda kika saba. Sannan ki faɗa masa kin ba shi dama ya je da ƙafarsa ya gyara maganarsa, ya biya abin da doka ta ce, ya tsaya wa ma'aikacinsa. Ki sa masa lokaci, ki kuma faɗa masa a fili cewa in lokacin ya wuce za ki je da kanki. Wannan ba tozartawa ba ce. Gidan burodi yana iya biyan tara ya farfaɗo, yara kuwa ba su da wani uban.

Shinkafar nan ki kwance ta ki dafa wa yaran, ba rantsuwa kika yi a kanta ba. Maganar raba aure kuma, duk wanda ya sake kawo miki ita ki nuna masa ƙofa.

In Baffa ya tsaya a kan cewa bai san mutumin ba, kada ki yi masa tsawa, tambaya ɗaya za ki yi masa a gaban liman. Ranar ɗaurin aurenki an tambaye shi ko ya bayar, ya ce ya bayar, jama'a suka shaida. Ki tambaye shi wa ya ba wa 'yar ɗan'uwansa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Baffanki ƙarfin halin faɗar gaskiya, ya dawo da Baban Zubaida da rana tsaka ta bakin iyaka, da takardarsa a aljihunsa.