Jan Katin Auta

Litinin, 5 ga Mayu

An kira ni makarantar Auta. Ta ciji wata yarinya a hannu, wai don an ja kujera a ƙasa ta yi ƙara. Shugaban makaranta ya ce wannan ne na biyu, in aka yi na uku kafin ƙarshen zango in nema mata wani wuri. Wane wurin? Makarantu huɗu suka dawo min da ita kafin wannan. Shekararta sha ɗaya, har yau ni ake tsayarwa gaban tebur kamar ni na yi cizon. Ni da na yi shugabar ɗalibai a sakandare, ba a taɓa kiran iyayena ba ko sau ɗaya.

Malamar ajinsu ta biyo ni har bakin ƙofa tana ta otizim, otizim, wai ciwon ne ke hana ta jure ƙara. Na sani, likita ya faɗa tun tana shekara huɗu. Na ce mata sunan ciwo ba ya hana tarbiyya.

Laraba, 7 ga Mayu

Sabon salo. Malama ta yanka mata jan kwali kamar tafin hannu, ta liƙe shi da leda, ta sa masa igiya. Wai in ƙara ta ishe ta, maimakon ihu ko cizo sai ta ɗaga, a bar ta ta huta minti biyar. A makaranta su suka sani. Amma yau ina kan keken ɗinki, ina haɗa yunifom ɗin da zan miƙa ƙarshen wata, sai ga abu ja a gaban idona. Ba "Mama don Allah", ba komai. Ta tsaya ƙiƙam, fuska a gefe, hannu a sama, kamar alƙalin wasa yana korar ɗan ƙwallo.

Mamaki ne ya sa na tsayar da keken, ba biyayya ba. Sai ta ce "Na gode" da muryar Malama sak, ta shige bayan labule.

Babansu har da tafi. "Maman yara, kin ga yau ba ihu!" Shi komai abin tafi ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sau shida yau. Na ƙirga.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta ɗaga min a gaban wata mai kawo ɗinki. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, an ba ki ja, sai ki bar fili!" Na taya ta dariya har ta tafi.

Tana fita na fizge abin daga wuyan Auta. Dama ƙafar teburin keken tana rawa, na ninke katin biyu na cusa a ƙarƙashi. Ya zauna daram. Aƙalla ya yi amfani. Na ce, "Ba a ɗaga wa uwa kati. Maimaita." Ta maimaita. Maimaitawa dai ta iya.

Sannan ihu, kusan awa guda. Ta yi ta buga bayanta da bango, ta watsar da gwangwanin maɓallai. Na ci gaba da ɗinkina, keken ya fi ta murya. Yaron da aka kashe wa keke yau, gobe duniya zai ce a kashe masa, kuma duniya ba ta da maɓallin kashewa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na sa ta tsince maɓallan. Ashe daɗi na ba ta. Ta jera su layi-layi, farare daban, shuɗaye daban, tana wannan gurnanin nata na jin daɗi. Horon da ya zama wasa ba horo ba ne. Na sa ƙafa na share layin, na kwashe da kaina.

Talata, 13 ga Mayu

Na sami sabon kati a jakarta. Malama ba ta gajiya. Na sa almakashi, na mayar mata da gutsattsarin a ambulan, da takarda: abin da aka koya a aji gida yake biyo ta, don haka ban yarda ba, can ko nan.

Na fara nawa tsarin. Kullum in ta dawo, za ta zauna a kujera gefen keken, hannuwa a kan gwiwa. Yau minti goma, gobe sha biyar. In ta toshe kunne in cire hannun, a koma farko. Da haka ake sabo. Mu wa ya tambaye mu me muke so?

Babansu ya tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu. "Ki ji tsoron Allah, yarinyar nan rawar jiki take." Na ce, "In aka kore ta, kai za ka zauna da ita ko ni?" Ya tafi aikinsa. Tausayin mai fita da safe ba shi da wuya.

Juma'a, 16 ga Mayu

A minti na sha biyu ta kawo baki kan hannuna. Ban janye ba, na miƙa mata ma. Na ce, "Ciji. Ciji in kai wa shugaba ya gani, ya zama na uku. Daga nan ba makaranta, ba Malama, ba kujerarki ta bakin taga. Har abada." Ta tsaya baki buɗe, miyau na zuba. A hankali ta rufe, ta koma ta zauna.

Ashe tana ji. Ashe duk shekarun nan tana ji.

Lahadi, 18 ga Mayu

Minti talatin da biyar a kujera, ko tari ba ta yi ba. Idonta dai na kan ƙafar teburin.

Laraba, 21 ga Mayu

Gida ya zama gida. Ba ihu, ba gurnani, maƙwabciya ma ta tambaya ko Auta ta yi tafiya. Abinci ne ta rage, amma yunwa za ta gyara wannan.

Sai sabuwar ƙazanta. Ta ƙi cire rigar makaranta mai dogon hannu, a wannan zafin, kuma duk hannun hagu ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Ko me take gogawa oho. Rigar da na ɗinka da hannuna! Na sa ta wanke da kanta, ta rufe ƙofar banɗaki ta wanke, ta mayar jikinta a jiƙe.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na je makaranta ba tare da an kira ni ba, don su san wa ya iya. Shugaba ya ce kwana sha takwas ba ƙorafi, madalla da uwa tsayayya. Na ce a faɗa wa masu yankan kwali.

Malama ta ce in shigo aji in zauna, yara sun fita hutun tara. Auta na kujerarta ta bakin taga. Malama ta durƙusa, ba ta taɓa ta ba. "Zan iya ganin hannunki?" Ta jira. Ta jira har na fara jin haushi. Sai Auta ta naɗe hannun rigar da kanta, tana kallon bango.

Daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Shatin haƙora a kan shatin haƙora, wasu sun yi baƙi, wasu ɗanyu, ɗaya ya kumbura yana ruwa.

"Gaskiyarki, Mama," in ji Malama. "Ba ta ciji kowa ba."

Na ce sharaɗin shugaba kada ta ciji 'yar wani, kuma ta cika. Haka na ce. Na gyara mayafina na fito.

A kemis mai shagon ya tambaya ko kare ne. Na ce eh.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban hau keke ba. Wutar ba ƙarfi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na shafa mata maganin, ta bar ni, kamar hannun ba nata ba. Babansu ya gani. Ya juya ya fita, gara ma da ya yi faɗa.

Da rana na ɗaga teburin na zaro katin. Ya lotsa, ya yi ƙura, shatin ƙafar tebur a tsakiyarsa. Na goge da gefen zanena, na miƙe shi iya yadda zai miƙu. Na ce, "Ungo kayanki."

Ta mayar da hannuwa baya. "Ba a ɗaga wa uwa kati."

Da muryata ta faɗa. Har yadda nake jan ƙarshen.

Na ce, "Ni ce uwar, na ce ki karɓa."

"Ba a ɗaga wa uwa kati. Maimaita."

Na kamo hannun dama na danƙa mata. Ta durƙusa, ta ninke shi a kan tsohon layin, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin. Har da girgiza teburin ta ga ko ya zauna. Sannan ta hau kujerarta gefen keken, hannuwa a kan gwiwa, don lokacin zama ya yi.

Biyayya nake nema, na samu. Ban ga abin da zan rubuta a kai ba.

Talata, 27 ga Mayu

Saura wuyan riga sha ɗaya, ranar Asabar za a zo karɓa. Na ce wa Auta an daina zaman, tana iya tafiya bayan labulenta. Ba ta tafi ba. Ƙarfe huɗu na yi tana kan kujerar.

Aikin bai yi sauri ba. Zaren nan na yanzu ba shi da kyau, dole mutum ya riƙa tsayawa yana dubawa. Sau biyar na ɗaga ƙafa daga keken. In ya zo daidai da lokacin da bakinta ya nufi hannun rigar, wannan dacewa ce kawai. Nakan ba zaren minti biyar.

Katin na rataye shi a ƙusar gefen labule, daidai tsayinta, don kada ya ƙara lalacewa a ƙasa. Ba ta kalle shi ba. Yana nan dai.

Teburin ya koma rawa. Zan saba.