Injin Baya Ba Direba

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Alhamdu lillahi, ba su sallame ni ba. Na faɗi gwajin, amma Malam Abdulhakeem, Basudanen da ke koya mana tuƙin jirgin ƙasa a nan ƙasar Larabawa, ya ce za a ba ni dama ta biyu ranar ashirin da ɗaya ga wata. In na sake faɗuwa ba za a sabunta min kwantiragi ba. Bizata da aikin take tafe, ta matata Wasila da 'yarmu Mahfuza kuma da tawa.

Abin dariya ne in ba kai ya samu ba. Ɗakin gwajin an shirya shi kamar kan jirgin ƙasa, da allo a gaba. Ina jan taragun tsakuwa, ina cikin injin gaba, wani injin yana can ƙarshen jirgi yana turi, ba kowa a cikinsa. Daga kujerata nake juya shi ta rediyo. Muna shiga ramin dutse sai Malam ya yanke sadarwar da gangan, allo ya yi ja. Abin da ake so shi ne in taɓa birkin iska kaɗan, injin baya ya ji iska ta ragu a bututu ya daina turi. Ni kuwa sai na fizgo oba-oba na ce, "Na baya, rage wuta! Na baya, kana ji na?" Da Hausa ma fa. Kafin in dawo hayyacina taragun tsakiya sun cunkushe.

Malam ya cire tabarau ya ce, "Habibi, wa kake kira?"

Talata, 7 ga Oktoba

Ban gaya wa Wasila ba. A waya ta ce ta soma haɗa kuka da daddawar tahowa. Na ce ta ƙaro yaji.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan masallaci na bi Ɗalhatu, abokin zamana a unguwar DIP, zuwa sitonsu na unguwar Al Quoz inda suke ɗaure wa 'yan Kano kaya. Na yi kuskuren ba shi labari. Yanzu ko kofi yake so in miƙo masa sai ya ce, "Na baya, kana ji na?" Mutumin da ko keke bai iya ba.

Amma ina laifina? Babanmu a zamanin injin kwal shi ne mai turi a hawan Kafanchan. Usur suke yi wa juna da na gaba, ka busa ya amsa, sannan a buɗe wuta. Mu muka zo da dizal da oba-oba. Shekarun da na yi ina gaba, Yaya Shu'aibu ne a bayana, in na yi magana murya ce take dawo min, wani lokaci har da tari. Yau an ce min in ɗora nauyin dutse a kan injin da ba mai ce min to. Gaskiya zuciyata ba ta yarda da shi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na kira Yaya Shu'aibu. Ya ajiye aiki, kiwon kaji yake yi, ina jin su a bayansa. Ya yi dariya har ya shaƙe. "Maharazu, inji ba mutum a ciki? To in ƙafa ta zame a kan ƙarfe wa zai ji a jikinsa?" Na ce wai shi da kansa yake zuba yashi a kan ƙarfen don ƙafa ta kama. Ya ce, "Wai."

Na ji daɗi da ya goyi bayana. Daga baya kuma na ga goyon bayan ba zai ci min gwaji ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Allah ya saka wa Malam Abdulhakeem da alheri. Yau maimakon ɗakin gwaji sai ya ɗauke ni a mota zuwa yadin ajiye jirage, ga rana kamar za ta narka ƙarfe. Ya kai ni injin baya na wani jirgi da ake gwada wa birki, ya ce, "Yalla, hau ka zauna. Kar ka taɓa komai."

Na zauna a kujerar da ba mai ita. Shiru. Can sai injin ya ɗauki ruri da kansa, alluran ma'auni suka tashi, ba hannun kowa. Na yi a'uzu billahi. Sai Malam ya sa direban gaba ya kashe rediyon ya taɓa birki. Na ji iska ta yi huci a ƙarƙashin ƙafata, nan take rurin ya kwanta. Aka sake, ya sake kwantawa. Har na gaji da kallo bai yi gardama ba.

Malam ya ce shi ma a ƙasarsu ya yi zaman baya, ya sha hayaƙin na gaba a cikin rami har ya taɓa suma. "Ba wanda ya kore mu daga nan, ya Maharazu. Hutar da mu aka yi. Yana ji, ba da kunne ba ne kawai."

Na dawo gida na ci abinci sosai, rabona da haka tun ranar gwaji.

Litinin, 20 ga Oktoba

Gobe. Ya Allah.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ci! Na ci!

Wannan karon ba a rami ya yanke ba, ya bari sai da na saki jiki a kan gangara. Allo ya yi ja. Hannuna na dama ya tashi zai tafi wajen oba-oba, na gan shi da idona, na dawo da shi kan birki. Iska kaɗan. Jirgi ya miƙe lafiya lau, sadarwa ta dawo. Malam bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Khalas, mabruk," wato shi ke nan, barka.

Na shiga banɗaki na wanke fuska, na daɗe ban fito ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na gaya wa Wasila komai. Ta ce, "Abban Mahfuza, ai na san da wani abu. Mutumin da yaji ke sa wa gyambon ciki ya ce a ƙaro yaji?" Ta yi fushi na ɗan lokaci, sannan ta tambayi ko akwai wurin shanya a gidan da zan kama.

Talata, 4 ga Nuwamba

Tafiyata ta farko ta gaske, tsakuwa daga duwatsun gabas zuwa tashar Jebel Ali, Malam yana gefe yana cin dabino. Akwai wani tudu da in gaban jirgi ya soma gangarowa, bayansa yana kan hawa tukuna. Na sa na gaba yana riƙewa, na baya yana turi, na riƙa rage masa wuta kaɗan-kaɗan har tarago na ƙarshe ya haye. Shayin da na ajiye a gabana ko tangaɗi bai yi ba. A duk shekarun tuƙina ban taɓa haye tudu haka ba.

Da yamma Yaya Shu'aibu ya kira don ya ji yadda aka yi. Na ce lafiya lau. Kaji suna ta kuka a bayansa, ya ce, "To, tsakani da Allah, da ni da shi wa ya fi iya turi?"

Na ce, "Haba Yaya, ai kai ne."

Ya yi dariya, ya sa min albarka. Allah ya yafe min.