Abincin 'Yar Jamus

Argungu,
6 ga Satumba, 1992

Zuwa ga Yaya Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma zaman Gwadangaji? Mu nan lafiya lau, sai dai abin da ya sa na ɗauki biro.

Dorina ta fito a gulbi, wajen Tungar Yari. Tun da ruwa ya cika take hawowa fadama tana cin shinkafar mutane, abin da ba ta ci ba ta tattake. Ranar Laraba ta kife kwalekwalen Hodi masunci, wanda yake kawo wa Inna giwan ruwa. Sai washegari aka tsamo shi. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ta kusa raba shi biyu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya Sarkin Ruwan tungar ya zo da dattawa, da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Suka zauna a zaure suka ce wa Baba duk ƙasar nan shi Tamba maharbi kaɗai suka sani. Baba bai ko ce zai yi shawara ba, sai ya ce a sauko masa da bindigarsa, 'Yar Jamus.

Kai ka tafi makarantar kwana tun kana yaro, ba ka san yadda Baba yake ciyar da bindigar nan ba. Tun lokacin da Baturen noman shinkafa ya bar masa ita, an riga an daina yin harsashinta. Shi ya sa duk harbin da ya yi sai ya duƙa ya tsince kwanson, ya zo gida ya wanke, ya narka dalma, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa, ya sake cika shi. Kwanson nan da ya gada daga Bature su yake ta juyawa tun kafin a haife mu. Yau da safe na zauna ina kallonsa. Yaya, yawancinsu sun tsage a wuya. Hannunsa rawa yake, albarushi na zubewa a tabarma. Har ya kira ni in duba masa allurar sikeli, wai hayaƙin girki ya shige masa ido. Ba a ma hura wuta ba a lokacin.

Ƙaninka Mujtaba ya durƙusa ya roƙe shi ya bar shi ya je a madadinsa. Baba ya ce, “Kai da ba ka taɓa aza ta ga kahwaɗa ba? Tashi ka ba ni wuri.”

Don Allah ka yi ɗaya cikin biyu. Ko ka zo ka hana shi, ko ka nemo masa sabon harsashi, tunda yanzu Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, ba a rasa wanda ya sani. Na ɗauko kwanso ɗaya a ɓoye, na naɗe a ƙyalle, yana hannun Hammadu direba tare da takardar nan.

Inna tana gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zakiyya

Birnin Kebbi,
11 ga Satumba, 1992

Zuwa ga ƙanwata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni a ofis, kuma sai da na rufe ƙofa na sake karanta ta. Allah ya jiƙan Hodi. Mutumin da ba ya ganin allurar sikeli ne zai shiga kwalekwale ya tunkari dorina? Kuma dattawan nan suna kallon furfurarsa suka iya buɗe baki?

Zuwa ba zai yiwu ba a makon nan. Har yanzu kayan ma'aikatarmu ake kwasowa daga Sakkwato, kuma ni aka ɗora wa karɓa. Amma ban zauna ba. Na kai kwanson wurin mai kula da makamai na 'yan sanda, ya juya shi ya juya, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin irinsa ba. Na tambayi wani tsohon soja a Gesse, ya ce in dangana. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani Maigandi a Ambursa, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar bindigar Turawa. Bindigar hukuma ta karɓe, amma sun manta da wani gwangwani a cikin rumbu. Da ya buɗe, sai ga harsasai jere a cikin takarda mai maiƙo, ko tsatsa babu. Na tsayar da namu kusa da nasu a kan benci. Tsawo ɗaya, gindi ɗaya, har rubutun ƙasan ya yi kama. Wallahi sai da na yi hamdala a fili.

Ga su nan a hannun Hammadu. Ki ba Baba, aƙalla mu huta da fargabar kwanson da ya tsage.

Shi kuma Mujtaba, ki gaya masa na ji kunya. Ƙato kamarsa, mai mata, ya durƙusa sau ɗaya an kore shi, shi ke nan ya koma ya zauna? Da ni ne a gida, ba zan bari tsoho ya taka bakin gulbi ba ina numfashi. Ya zama namiji.

Ki gaishe da Inna da Baba. Allah ya tsare.

Yayanki,
Abdussamadu

Argungu,
14 ga Satumba, 1992

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi. Ka bar duk abin da kake yi ka wuce asibitin Sakkwato. Mujtaba ne. Yana da rai.

Bari in faɗa maka tun daga farko. Da Hammadu ya kawo saƙo, muna tsakar gida gaba ɗaya. Na miƙa wa Baba gwangwanin ina murna. Ya zaro ɗaya, bai ma kalle shi ba, ya murza kansa tsakanin yatsu, sai ya mayar. Ya ce, “Wanga ba abincinta ba na. Kanai ya ɗara kauri. Ta haɗiye shi, amma ba ya hita.” Na ce ai Yaya ya gwada, tsawo ɗaya ne. Ya ce, “Tsawo yag gwada.” Ya sa na ɗora gwangwanin a kan katanga, wai gobe zai jefa su a tsohuwar rijiya.

Mujtaba ba ya nan lokacin da Baba ya faɗi haka, ya zagaya ba awaki ruwa. Ya dawo daidai lokacin da Inna ta ce in karanta takardarka a ji. Na karanta, Yaya, har ƙarshe. Ban tsallake komai ba. Da na zo wurin da ka ce ya zama namiji, sai ya yi ɗan murmushi ya tashi ya shiga ɗaki.

Da safe Baba na masallaci, Mujtaba ya ɗauki 'Yar Jamus da gwangwanin nan ya tafi tungar. Ya ce wa masunta Baba ne ya aiko shi. Suka sa shi a jirgi. Sun ce dorinar ta ɗago kai kusa, har ana ganin gashin bakinta, kuma Mujtaba bai razana ba. Ya saita, ya ja kunama. Sun ce ba su taɓa jin ƙara irin wannan ba. Bindigar ta tsage tun daga tsakiya kamar an fasa kara, ƙarfe ya watsu, shi kuma ya faɗa baya cikin jirgi. Dorinar ko ƙwarzane ba ta samu ba, nutsewa kawai ta yi.

A kan ƙyauren ƙofa aka shigo da shi gari. Ni ban gane shi ba. Fuskarsa baƙi da jini, hannun hagu an naɗe da rawanin wani. Matarsa Nazifa tana gani ta zube. A asibitin nan suka ce ya fi ƙarfinsu, aka wuce da shi Sakkwato, Inna na tare da shi.

Masunta sun kawo guntayen bindigar a cikin buhu. Baba ya zazzage su a tabarma yana jerawa, kamar mai neman ya haɗa ta. Tun jiya bai ci komai ba. Na kai masa fura, na dawo na same ta yadda na ajiye.

Ka yi sauri.

Zakiyya

Sakkwato,
22 ga Satumba, 1992

Zuwa ga mahaifina Malam Tamba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri. Zakiyya za ta karanta maka.

Baba, ga halin da ake ciki. Likitoci sun cire yatsu uku na hannun hagu, saura babban yatsa da ƙaramin. Idon dama ya tafi, sun ce ba abin da za a iya yi. Na hagu yana gani. Sun ciro ƙarfe daga kumatu da wuya, kuma sun ce da ya matsa kaɗan da sai dai mu yi haƙuri. Yanzu yana shan kunu, yana salla a zaune.

Da ya farfaɗo ya gan ni, na zaci zai juya mini baya. Sai ya ce, “Yaya, na same ta?” Na gyara masa mayafi. Sai ya ce, “Bindigar Baba fa? Za ta gyaru?” Na fita waje na jingina da bango.

Ranar Asabar na biyo ta Argungu ɗaukar masa kaya. Na zo har ƙofar zaure, na hango ka zaune da guntayen a gabanka. Na tsaya, na tsaya, na kasa yin sallama. Zakiyya ce ta miƙo mini kayan ta ƙofar baya. Na san ka ji ƙarar mota.

Ni na nemo harsashin nan, ni na gwada shi a kan benci kamar mai gwada takalmi, ban san komai a kai ba. Ni kuma na rubuta maganar da ta tashe shi, ina zaune a ofis ƙarƙashin fanka. Na lalata ɗanka, na lalata abin da ka riƙe tun kana saurayi. Ban san da wane baki zan nemi gafara ba, amma ina nema.

Sun ce nan da mako biyu za a sallame shi. In ka yarda, ni zan kawo shi gida. In ba ka son ganina, Hammadu zai kawo shi.

Ɗanka mai biyayya,
Abdussamadu

Argungu,
26 ga Satumba, 1992

Yaya Abdussamadu,

Salamu alaikum. Ya mai jiki? Na karanta wa Baba takardarka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in ajiye.

Akwai abin da ya kamata ka sani, kuma ni ma jiya na ji. Sarkin Ruwa ya zo jaje. Ina kawo ruwa na ji yana cewa, “Da munka ga yaron da bindiga, sai munka ce to, Malam ya canza shawara.” Na tsaya da kwano a hannu. Ashe, Yaya, tun ranar da harsashinka ya iso, bayan la'asar, Baba ya tafi tungar da kansa ya ce musu ba zai iya ba. Ya ce idonsa ya ƙare, kwansonsa ya ƙare, su kai kuka wurin hukuma a turo sojoji. Ya dawo gida bai faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Ba inda Baba zai je. Da Mujtaba ya yi barcinsa ranar nan, da ba abin da ya sami kowa.

Da baƙi suka tafi na ce, “Baba, me ya sa ba ka gaya mana ba?” Sai ya ce, “Cikin gidana, gaban ɗiyana, in ce ban iyawa?” Daga nan ya sa hannu ya rufe fuska. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, na rasa inda zan sa kaina.

Kada ka gaya wa Mujtaba tukuna. Ko kuma ka gaya masa, ni ban sani ba. Kai ne babba.

Ƙanwarka,
Zakiyya

Argungu,
2 ga Oktoba, 1992

Abdussamadu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da uwarku da mai jiki. Ni ka magana, Zakiyya na rubutawa.

Sojoji sun zaka shekaranjiya sun kashe dorina. An raba nama, an aiko min da kaso, na ce a kai gidan Hodi.

Guntayen bindiga na kai wa 'yan sanda tare da lasin, sun karɓa. Sikeli da kwanso suna cikin rijiya. Wannan magana ta ƙare.

Gahwarar da kaka nema, hannun ba nawa ba na, idon ba nawa ba na. Ka nema wurin mai su. Ni ma can za ni nema, kuma da bakina za shi ji abin da nib ɓoye, kada ka riga ni.

Kai za ka kawo shi, ba Hammadu ba. In kun iso, kada ka tsaya ƙohwar zaure. Ka riƙo shi ku shigo tare.

Mahaifinka,
Tamba