Kakin Zuma a Algaitar Baba

Mühlhausen, 24 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Volkmar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina fata sanyin Winnipeg bai fara gasa muku aya a hannu ba tukuna, kuma bayan nan naka da ke damunka ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yara. Mu nan kowa ƙalau. Mama ta gama tsinke tuffa, ta cika ɗakin ƙasa da kwalabe kamar gari guda za ta ciyar. An yi wa Gwaggo Irmtraud aikin gwiwa, tana dogara sanda tana yi wa likita tsiya. Mu ma ƙungiyar kiɗanmu mun gama wasannin rani, guda ashirin da uku, har muryar Kuno mawaƙinmu ta dishe, abin da matarsa ta ce ita dai hutu ta samu.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya shi ne Baba ya gano. Ka tuna shekara uku da suka wuce, da ka zo hutu, na gaya maka a kicin cewa kunnensa ya fara yi masa ƙarya. Algaitun salka da yake sassaƙa wa ƙungiyarmu, sautuka ukun sama sun haura inda ya kamata. A filin kasuwa, inda ganga kawai ke raka su, ba mai lura. Amma a kan dandamali, ga jita biyu na lantarki suna ruri, sai ka ji kamar an zuba kyanwa biyu a buhu. Kai ka ce in yi shiru, ba a raba dattijo da aikin hannunsa. Na bi shawararka. Sai in liƙa ɗan kakin zuma a bakin hudojin nan uku, hudar ta ragu, sautin ya sauko. Ka kuma san dokarsa: duk watan Oktoba algaitu su koma shagonsa ya shafa musu mai, ya duba fatar salka. Kafin in kai, sai in zauna da tsinken sakace in kankare kakin tas. Bana ina wurin likitan haƙori, mijina Henning, mai kaɗa mana jita, ya ga akwatin algaitun a mota, ya ce bari ya rage mini aiki, ya kai wa Baba kai tsaye.

Ranar Lahadin farkon watan nan muka je gida shan kofi. Mama ta yanka kek, Baba ya tashi ya dawo da algaitata, ya kwantar da ita kusa da faranti. Ya ce kunne dai ya tafi, ya yarda, amma yatsunsa suna nan da ransu. Ya tambaye ni tun yaushe. Ni da bakina na ce bana ne kawai. Ya juya tsohuwar algaitar ya nuna mini inda katako ya yi haske a gefen huda, ya ce rani ɗaya ba ya yin wannan, kada in mai da shi yaro. Sai na faɗi gaskiya. Henning, da ba ya iya ganin shiru ya ƙyale, ya ce ai da irin ƙarar da muke yi, ko jaki aka ɗora a dandamali mutane tafi za su yi. Baba ya kira shi ɗan lantarki, ya ce ya rufe masa baki, shi da sai na'ura ta gaya masa tsirkiyarsa ta daidaita. Daga nan ya juyo gare ni. Ya ce kunne ba ya ba shi haushi, tsufa ne, kowa zai je. Abin da ya ci masa rai shi ne shekara uku yana tsayawa gefen dandamali a farfajiyar tsohuwar fada, yana buga ƙirji yana ce wa baƙi aikinsa ne suke ji, mu kuma muna kallonsa muna murmushi. Kunya ta kama ni.

Kwana tara bai taka shago ba. Mama ta ce zama yake a bakin taga, ko jarida ba ya buɗewa, kuma na tsorata ƙwarai, don ka san in ya ajiye abu ba ya waiwaya. A rana ta goma ya aiko in zo. Na tarar ya ɗaura gyautonsa na aiki, ya ce sababbi za mu yi, in busa, shi zai fafe hudar kaɗan-kaɗan, in sautin ya kai in taɓa masa kafaɗa. Haka muke yi yanzu duk Talata. Mun gama guda biyu, kuma wallahi ba su buƙatar ko ɗigon kaki. Da tun farko haka muka yi, da an huta. Sai dai abu ɗaya bai gyaru ba. Yanzu ko miya na ce ta yi daɗi, sai ya tsaya ya ƙura mini ido ya ga ko da gaske nake. Wannan kallon ya fi faɗan zafi a wurina.

Jiya muna share shago ya tambaye ni ko kai ma ka sani. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ce amsar daga gare ka za ta fito. Ba zan sake yi masa ƙarya ba, ko don kai. Kada ka kira shi, a waya rabi yake ji ya cike sauran da zato. Ka rubuto masa da hannunka, ka faɗa masa shawarar taka ce, da dalilinka. Zai yi fushi, na sani. Amma tun jiyan ya leƙa akwatin wasiƙa sau biyu, alhali ya san ko aika maka ban yi ba.

Ka gaishe mini da Solveig, da Malte da 'yar ƙaramar Ida. Mama da Gwaggo Irmtraud suna gaishe ku, Henning ma, duk da har yanzu ba ya iya haɗa ido da kowa. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Frauke