Man Agogo a Kwamfutar Mikail

Koki, Kano.
3 ga Yuni.

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nana Khadija da yara. Ya Damagaram, ya kasuwa? Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ɗakina da na ɗanka Mikail bango ɗaya ne, kuma ba na so ya ji abin da zan faɗa.

Wata huɗu ke nan da yanke masa ƙafa bayan hatsarin nan. Ciwon ya warke, amma yaron nema yake ya kuɓuce mana. Bango kawai yake kallo. Abinci sai uwarsa, mai ɗakina Zainab, ta yi kuka sannan ya taɓa loma biyu. Maganarsa ta ƙarshe ita ce gara da motar ta ƙarasa shi. Wallahi tsoro nake ji, har reza na ɗauke daga ɗakin.

Abokansa sun ce ba abin da yake so kamar gem, wato wasan kwamfuta. Na sayar da agogon bangon Baba, ka yafe mini. Kuɗin abu ɗaya zai saya, ba na biyu. Sau uku ina zuwa Titin Bairut, inda ake sayar da kayan kwamfuta. Wasu sun ce in sayi akwatin gem da ake kira PS, a jona da talabijin, shi ke nan. Wasu sun ce in sayi kayan kwamfuta ɗaiɗai a haɗa, ta fi ƙarfi kuma zai yi karatu da ita. Shekara talatin ina buɗe cikin agogo a kasuwar Kurmi, amma a can na tsaya kamar baƙauye a tasha. Na tambayi Mikail wanne yake so, ko juyowa bai yi ba.

Zainab ta ce PS. Ni zuciyata ta ƙi, don daga kallon bango zai koma kallon talabijin ne, ni ta ina zan shiga? In kuma na kwaso tarkace na kasa haɗawa, na yi biyu babu. Ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ka gai da mutan gida.

Yayanka,
Ashafa Mai Agogo.

Koki, Kano.
20 ga Yuni.

Zuwa ga Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya iyali, ya damina? Amsarka ta iso, kai ma ka ce PS. Na gode, amma ka san taurin kan yayanka, kafin ta iso na riga na sayo tarkacen.

A ɗakin Mikail na shimfiɗa farin ƙyalle kamar yadda nake yi a shago, na jera komai, na maƙala gilashina a ido. Kwana uku ina ta fama, ina surutu ni kaɗai, shi kuwa ƙeyarsa kawai nake gani. Na fara cewa na hallaka agogon Baba a banza.

A rana ta huɗu na kai ga ɗora fanka a kan wani ɗan ƙarfe da suka ce shi ne ƙwaƙwalwar. Mai shagon da na sayi kayan ya ba ni wani abu kamar man goge baki, wai a shafa a tsakani. Na raina shi. Ni a sanina ƙarfe ba ya haɗuwa da ƙarfe sai da mai, don haka na zaro kwalbar man agogona. Ina shirin ɗigawa sai na ji tsawa a kaina, wai in tsaya, zan ƙona ta. Ashe duk kwanakin nan yana kallona ta madubin sif. Ya zamo daga gado, ya fizge kwalbar, ya yi mini tatas kamar ɗan koyo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Zainab tana bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi. Ranar ya ci tuwo, sukundireba na gefen kwanon.

Yanzu shi ne oga, ni ne mai miƙo kaya. Amma Maharazu, hankalina bai kwanta ba. Shekaranjiya ya ce saura kaɗan a gama. In aka gama fa, ya sake juya mini baya? Shi ya sa yau da ya shiga banɗaki na kwashe noti huɗu na ɗaure fankar, na ce sun ɓace, zan je kasuwa in nemo. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce in na tafi ni kaɗai shirme zan sayo, a ɗauko masa sandunansa da ke bayan ƙofa tun ranar sallamar asibiti, gobe tare za mu.

Notin nan suna aljihuna yanzu haka. Ka taya ni roƙon Allah ya yafe mini ƙaryar, kuma kada ka gaya wa kowa.

Wassalam.

Yayanka,
Ashafa.