Hoton Inna a Jikin Gwangwanin Giya

La Courneuve, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Batula,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Sa'idu da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Mu nan lafiya lau, Widad ta fara aiki a lopital, wato asibiti, Nazir kuma yana fama da karatu. Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Malam Illiassou alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da na kira, Inna na gefenki, maganar nan kuwa ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Yaya, Ilyes ɗan Yaya Salihu ya ci amanata. Bara ya zo mini daga Lyon ya yi kwanaki, ya ce shi haihuwar Faransa ne, bai san komai game da kakarsa ba, in ba shi tarihinta ya ɗauki muryata don 'yan baya. Daɗi ya kama ni, na saki baki. Har na gaya masa abin da ba mu taɓa gaya wa jikoki ba, yadda Inna ta dafa burkutu a ƙauye shekarar da Baba ya rasu ga yunwa, da yadda ta tuba ta farfasa tukwanen da hannunta kafin mu dawo Maradi. Na ce masa wannan tsakaninmu ne, ya ce wallahi Tanti. Da zai tafi ya roƙi hoton nan nata na dawowa daga Makka, na ba shi.

Watan jiya ya kira ya ce kamfanin da yake yi wa zanen talla zai fitar da wani abin sha na dawa don girmama Inna, lallai in zo. Ni duk zatona kunu ne. Na ɗinka sabuwar shadda, na hau jirgin ƙasa ina ta alfahari. A gar ɗin Lyon, tashar jirgin, ya tare ni, ya kai ni wani tsohon sito a bayan gari. Tun daga nesa na ga dogon layi, wai tun asuba mutane ke jira, don sau ɗaya za a dafa irinta, in ta ƙare shi ke nan. Ina shiga warin tsiron dawa ya buge ni, warin da rabona da shi tun ina yarinya. Gidan giya ne, Yaya. Kowa riƙe da gwangwani, jikin kowane gwangwani fuskar Inna ce tana murmushi da haƙorin Makka, an rubuta sunanta Fatsima da manyan baƙaƙe. Ban gama shanye wannan ba sai na ji muryata a lasifika ina ba da labarin tukwanen, ana fassarawa a bango, Turawa na tafi.

Na ja Ilyes gefe. Ya ce shi ko ɗanɗanawa ba ya yi, kuma bai ga abin kunya ba ga macen da ta ceci 'ya'yanta daga yunwa, mu ne muke ɓoye jarumtarta. Na ce in girmamawa ce, me ya hana shi faɗa mini gaskiya a waya? Ya sunkuyar da kai ya ce ya san ba zan yarda ba. To ashe ya sani. Na nemi mai wurin na gaya masa matar nan tana raye, ba kuma wanda ya tambaye ta. Mutumin ya ji kunya, ya ce Ilyes ya tabbatar masa dangi sun amince. Nan take ya sa aka kashe muryar, amma giyar an riga an sayar da fiye da rabi. A bakin ƙofa na ga kwandon shara cike da gwangwanayen da aka shanye aka murƙushe. Na tsuguna cikin shaddata ina tsince su, har na ga ba za su tsintu ba.

Na wuce Vaulx-en-Velin in kai ƙara wurin ubansa Yaya Salihu, wanda ya ce ciwon baya ne ya hana shi zuwa. Matarsa Fatou ce ta faɗa mini a kicin cewa tun kafin a buga gwangwanin ya gani, ya ce a ƙyale yaro ya ci gaba, Maradi da nisa. Wannan ya fi yi mini ciwo. Shi ne fa yake ɗebo wa Inna itace lokacin da take dafa burkutun, ya ga kukan da ta yi. Da ɗan gari kan ci gari. Ban kwana gidan ba.

Maradi kuwa ba ta da nisa, hotunan bikin sun riga sun bazu a waya. Gara ta ji daga bakinki kafin wata ta kai mata a wurin suna. Ki zaɓi ranar da jikinta ya yi sauƙi, ki faɗa mata a hankali, sannan ki kira ni in yi mata sauran bayani da kaina. Jiya ta aiko mini saƙon murya tana dariya, wai yaya angonta Ilyes, ta ajiye masa kilishi. Har yanzu ban iya amsawa ba.

Ki gaishe da Alhaji Sa'idu, da Kawu Sabo, da Amatullahi da jaririnta, da Muhyiddeen. Widad da Nazir na gaishe ku. Yaya Salihu ma ya ce in sa gaisuwarsa, na ce ya aiko da kansa.

Taki ƙanwa,
Hamdiya